Rumfar Hajiya ta Bayan Kasuwar Garwa, Inda Tsami da Yaji Suke Zama a Gefe

Wata bakwai ke nan kusan kullum a rumfa ɗaya nake cin abincin rana, ban da Juma'a da nake komawa gida. Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna. Tana bayan babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, in ka bi ta layin masu keken ɗinki ka karya kwana wajen masu tabarmi. Benci huɗu ne da tebur biyu, randa biyu a bakin ƙofa, sai rufin kwano da aka shimfiɗa wa zana don rage zafi. Mu dai rumfar Hajiya muke ce mata. Abokan sana'a da dama sun tambaye ni abin da ya raba ni da mai shinkafar da muka shekara goma muna ci a wurinsa, har wani ya zaci saɓani muka samu. Babu saɓanin komai. Lalurar mafitsara ce, kuma na ga gara in faɗe ta a fili, don na tabbata ba ni kaɗai take damu a kasuwar nan ba.

Ni tela ne, shekarata 54. Shekara biyu da suka wuce na fara lura cewa kafin in gama wuyan riga ɗaya sai na tashi zagawa sau biyu ko uku. Ba wai fitsarin yawa gare shi ba. Matsuwa ce take zuwa farat ɗaya kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, in ka je kuma abin bai cika ludayi ba. Da dare sau huɗu nake tashi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne alwala. Mutum ya yi alwalarsa a gida ranar Juma'a, ya samu sahun gaba, liman bai kai rabin huɗuba ba ya fara lissafin yadda zai ƙetara mutane ya fita. Tafiyar Ngaundere kuwa, sama da kilomita 270 a motar haya, sai da na daina ta, na koma aika yaro sarin yadi.

Kamar kowa, na ce sanyi ne. Na sha jiƙe-jiƙe, na sayi ƙwayoyi a kemis, babu abin da ya sauya. Da uwargida ta matsa na je asibiti, aka auna fitsari ba a ga ƙwayar cuta ba, ba a ga ƙwan tsargiya ba, suga lafiya lau, aka duba furostat, ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, aka ce bai kai abin damuwa ba. Likitan ya rubuta a takarda da Faransanci, vessie hyperactive, ya ce mini: "Malam, mafitsararka zumuɗi take yi. Ta babban mutum tana iya riƙe kusan rabin lita, kuma yawancin mutane sau shida zuwa takwas suke zagawa a yini. Taka tun ba ta cika ba take matsewa." Ya ce akwai magani in ta kama, amma in fara da rubuta duk abin da na ci da wanda na sha na kwana uku, da lokacin kowace zagawa.

A bayan littafin awon kwastomomi na yi rubutun. Ruwa ba ya tsami banza. Da safe kofi na gwangwani da madara wajen mai shayi. Hantsi goro. Bayan azahar ataya, zagaye uku, a ƙofar shagon maƙwabcina. La'asar zoɓo mai ƙanƙara, wanda 'yan'uwanmu Fulani ke kira folere. Wani goron kafin magariba. Likita ya bi layin da biro yana ja, ya ce kofi da shayi da goro duk abu ɗaya suke ɗauke da shi, kafeyin, kuma aiki biyu yake yi: yana sa ƙoda ta ƙara tace ruwa, yana kuma zuga naman mafitsara ya matse da wuri. Kofi ɗaya na kofi yana iya kai miligiram 60 zuwa 100, baƙin shayi wajen 40 zuwa 50, goro kuwa kusan kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa kafeyin ne. Ni da na ɗauka koren ganyen ataya ba shi da komai, ashe itace ɗaya ne da baƙin shayi, sarrafawa ce ta bambanta, mu kuma tafasa shi muke har ya yi ɗaci. Sannan jiki yana ɗaukar kamar awa biyar kafin ya rage rabin abin da ya shiga, don haka goron yamma yana nan tare da kai har ka kwanta. Ya ƙara da abubuwa masu tsami: lemun tsami, lemun zaƙi, abarba, tsamiya, zoɓo, yakuwa, tumatir. Sai barkono da attaruhu, sai lemun kwalba mai gas, sai zaƙin kemikal irin su sakarin da asfatam. Ya tambaye ni giya ko bilbil, na ce Allah ya tsare, ya ce to ga masu sha tana cikin manyan masu tayar da ita. Ya nanata cewa ba kowa duka suke damu ba. In ajiye su gaba ɗaya na mako biyu, sannan in riƙa dawo da su ɗai-ɗai, in bar kwana biyu ko uku a tsakani, in ga wanda jikina ya ƙi.

A gida abin bai yi wuya ba, uwargida ta ware mini tukunya. Amma ni tun bakwai na safe nake shago har magariba, kuma gidanmu da nisa. Ka zaga kasuwar nan ka nemo mini tukunyar miya ɗaya wadda ba a soya tumatirin leda da attaruhu a gindinta ba. In ka ce wa mai abinci "ban da yaji", iyakacinta ta ƙi barbaɗa maka na sama, na cikin miyar kuwa ya riga ya dahu da ita. Wata biyu na yi ina cin burodi da dafaffen ƙwai da gyaɗa, har wandona ya fara zamewa. Wata tsohuwar kwastoma ce da ta kawo ɗinkin jikokinta ta ga abin da nake ci, ta ce, "Malam Tela, je ka bayan masu tabarmi, akwai wata Hajiya da ba ta sa wa tukunya yaji."

Ranar farko na tsaya a bakin rumfar ina kame-kamen yadda zan yi bayani, don ba maganar da namiji ke so ya yi wa mace a gaban jama'a ba ce. Ta kalle ni ta ce, "Alhaji, ciki ne ko mara?" Na ce mara. Ta ce, "To zauna." Shi ke nan, ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen a gaban kowa ba. Daga baya na ji cewa maigidanta, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana fama da gyambon ciki, a kansa ta saba girki haka, da ta fara sayarwa kuma ba ta sauya hannu ba.

Tsarinta mai sauƙi ne, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Tukunya tana dahuwa da nama ko kifi, daddawa, albasa da ta nuna lugub, gishiri, ɗan mai. A kan teburin gefe akwai kwanoni huɗu masu murfi: dakakken yaji, soyayyen attaruhu da tumatir, ruwan tsamiya, da yankakken lemun tsami. Kowane da cokalinsa. Mai so ya ɗiba, wanda ba ya so ya wuce. Mutum goma za su ci daga tukunya ɗaya, kowa ya tashi da irin bakinsa.

Miyar da ta fi kama ni ita ce ɗanyar kuɓewa da karfasa. Kuɓewar gurzawa take yi, ba yankawa ba, ta saka ta a ƙarshe ta sauke tun tana kore shar, yauƙinta na bin loma har baki. Kifin na Binuwai ne, da safe ake kawo mata, kuma in ba ta samu mai kyau ba ranar ba ta yin na kifi. Da na ɗauka miya ba barkono lami ce. Ba haka ba ne in mai girkin ta san daddawa. Tata ta kalwa ce, tana daka ta da busasshen kifi kaɗan, ƙamshin tun daga layin tabarmi yake tare ka. Tuwon dawar nan ja, mai laushi, ba gudaji. Miyar kuka ma tana da kyau, musamman ranar da ta samu ƙashin saniya mai ɓargo. Miyar tafasa da gyaɗa, wadda ake kira tasba a nan, ita ce ta Talata, kuma ban taɓa barin ko loma ba. Shinkafa da wake ba laifi, ba kuma abin a zo a gani. Miyar yakuwa tana yi ranar Asabar don masu so suna da yawa, amma tun daga nesa za ta ɗaga mini hannu ta ce, "Alhaji, yau taka kuka ce," don yakuwa tsaminta a jikin ganyen yake, ba yadda za a ware shi.

Kunun gyaɗarta ya cancanci a tsaya a kansa. Duk wanda ya tashi a arewacin Kamaru ya san kunun gyaɗa da tsamiya ko lemun tsami ake tsinka shi, har wasu na ganin in babu tsami ba kunu ba ne. Ita takan dama nata da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da 'yar shinkafa, ya yi fari tas, ya yi kauri, ta zuba a babban kula ba tsami ko ɗigo. Na sha zama ina kallon 'yarta tana sallamar mutane: ta cika kofi, ta ɗago kai ta ce "da tsami?", in an ce e ta ɗebo ruwan tsamiya cokali biyu ta juya, nan take kunun ya ɗan saki ya sauya launi. In ta zo kaina ba ta tambaya, sai dai ta ce, "Baba, ga naka fari." Ranar da na fara shan sa na tuna rabona da kunu a waje ya fi wata uku.

Wajen shayi nan ma ta yi dabara. Buta biyu ce a kan gawayi. Ɗaya shayi ne na kowa da kowa. Ɗayar ciyawar nan ce mai ƙamshin lemo da muke kira sitronel, da ɗan na'ana'a, babu ganyen shayi ko ƙwaya. Ƙamshin lemo gare ta amma ba tsami, ba kuma kafeyin. Da madara da sukari kaɗan, wallahi ta maye mini gurbin kofin safe, ko da yake ba zan ɓoye ba, makon farko da na bar kofi da goro na yi ciwon kai da kasala sosai. Likita ya riga ya gaya mini haka za a yi, kuma ya wuce cikin 'yan kwanaki. Wanda zai bari, gara ya riƙa ragewa sannu a hankali. In ta sa citta da kanumfari da yawa a butar nakan ji ɗan motsi, don haka nakan tambaya kafin a zuba.

Kuɗi: tuwo da miya da nama yanka biyu sefa 500. Da karfasa guda, jaka ɗaya, wato sefa dubu, babba jaka da rabi. Kunu sefa 100, sitronel da madara 150. Ya ɗara na wasu rumfunan da kaɗan, ni dai ban taɓa jin an cuce ni ba.

Sai dai tsakani da Allah akwai abubuwan da ba su yi mini ba. Wurin ya yi ƙanƙanta, tsakanin sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi sai ka ci a tsaye ko ka jira. Ƙarfe biyu tukwane sun ƙare. Hayaƙin murhu yana shigowa rumfar in iska ta juyo. Wani lokacin hannunta yana nauyi a kanwa, kukar ta yi baƙi ta ɗauko ɗanɗanon sabulu. Sau ɗaya kuma, ranar cunkoso, wani yaro da ke taya su ya tsoma cokalin attaruhu a tukunyar kuɓewa. Na ji a loma ta biyu amma yunwa ta sa na ci gaba, daren nan sau biyar na tashi. Da na gaya mata washegari ba ta yi musu ba, ta ce a yi haƙuri, ta ɗaura jan ƙyalle a mariƙin cokalin yajin, har yau yana nan. Makewayi kuwa, wanda ga irinmu ya kai abincin muhimmanci, akwai shi a bayan rumfar, da buta da ruwa da sabulu, a share. Amma guda ɗaya ne tak maza da mata, in ka tarar da layi sai ka dangana da na masallaci.

Babban saɓanina da Hajiya a kan magani ne. Ta yarda har zuciyarta cewa sitronel ɗinta wanke mara take yi, kuma tana da wani jiƙon saiwa a jarka da take ba masu kukan fitsari. Ni ban saya ba, na kuma gaya mata dalili. Sitronel ba ta warkar da ni ba, abin da ta yi shi ne ta zauna a gurbin abin da ke tsokanata. Wata rana wani matashi masunci daga wajen Lagdo ya zauna kusa da ni, na ji yana yi mata raɗa cewa yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Ta miƙa hannu wajen jarka. Na ce, "Hajiya, don girman Allah a bar wannan." Na juya na ce masa, "Ɗana, kai da kake yini cikin ruwa, wannan alamar tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin ruwa ta shiga ta fata, ta yi ƙwai a bangon mafitsara. Maganinta furazikwantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum, je ka asibiti a auna ka." Hajiya ta ɗan ɓata rai, ta yini ba ta yi mini magana sosai ba. Bayan mako uku yaron ya dawo da ƙullin busasshen kifi ya ce a ba Baba tela. Jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi, ko ciwon kwiɓi, ko ƙishirwa mai yawa da rama, ko fitsarin da ya ƙi fita, duk ba zancen sauya miya ba ne, na likita ne.

Abu ɗaya kuma da ta fi ni gaskiya a kansa shi ne ruwa. Kafin in san rumfarta na rage sha ƙwarai, a tunanina in ban zuba ba ba abin da zai fita. A Garwa fa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Fitsarin ya koma ja kamar shayi, yana zafi, matsuwar ta ƙaru, ga bayan gida ya ƙi fita. Ashe fitsari in ya yi kauri shi kansa yana tsokanar mafitsara, hanji kuma in ya cushe yana danne ta. Likita cewa ya yi in sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu, fiye da haka lokacin zafi, amma kurɓi-kurɓi cikin yini, in tsagaita awa biyu kafin barci. Hajiya ba ta san lita ba. Abin da ta sani, duk wanda ya zauna sai an dire masa moɗa daga randa, in ka tashi ba ka taɓa ba ta ce, "Alhaji, ruwanka." Ruwan randar nan mai sanyin ƙasa ya fi mini na firji sau goma.

Azumin 2025 da ya faɗo cikin Maris shi ne gwajin gaske. Ku duba abin da muke tarawa a faifan buɗa-baki: kunun tsamiya, zoɓo, lemun zaƙi, ƙosai da yaji, lemun kwalba, a ɗora da shayi mai kauri, duka cikin rabin awa a kan cikin da ya yini a bushe. Sannan a ce mutum ya tsaya tarawihi. Shekarar da ta gabace ta raka'a huɗu nake samu in fita. A wannan azumin Hajiya ta koma girkin yamma, ni kuma aikin ɗinkin salla ya hana ni komawa gida, sai na yi ciniki da ita na wata guda. Yarinyar takan kawo mini shago kafin kiran salla: dabino uku, farin kunun gyaɗa ko kunun kanwa, ƙosai ba yaji, 'yar kankana. Ruwa ina kurɓa a hankali har zuwa sahur. Dare ashirin da wani abu na yi tarawihi cikakkiya da alwala ɗaya. A daren farko da liman ya sallame wutiri ina nan a inda na tayar da kabbara, sai da na ji idona ya ciko.

Yanzu na san nawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kofi da ataya da goro su ne manyan, waɗannan na sallama su, sai dai ɗan ɓallin goro in an raba na ɗaurin aure, shi ma da safe. Zoɓo da tsamiya suna taɓa ni, rabin kofi ma ya isa. Attaruhu haka. Tumatir in ya dahu sosai kuma kaɗan ne, lafiya lau. Kindirmo sabo ba ya yi mini komai, amma nonon da ya kwana ya yi tsami yana yi. Mangwaro nunanne, ayaba, gwanda, kankana da rana, duk ina sha. Wani dattijo mai sayar da hula da muke haɗuwa a benci ɗaya, shi shayi ba ya damunsa ko kaɗan, lemun kwalba mai gas ne abokin gabarsa. Dare kuwa daga sau huɗu na dawo sau ɗaya, wani lokacin har asuba ban motsa ba. A watan jiya na je Ngaundere da kaina, inda direba ya tsaya nan na sauka tare da kowa.

Wanda zai je, ya je kafin sha biyu ya samu benci, ya ce wa yarinyar "fari" tun kafin ta ɗauki ludayi. In Asabar ce ya tambaya ko akwai kuka. Kuɓewa da karfasa Litinin da Laraba ne, kuma kan kifin ba ya kai ƙarfe ɗaya, shi ya sa ni tun da safe nake aika yaron shago da jaka ɗaya a ajiye mini nawa.